Madubi, Fensir da Baiti: Yadda Za Ka Zana Fuskarka Ka Kuma Rubuta Mata Waƙa

Kafin ka ci gaba da karatu, ɗauki takarda ka zana kanka cikin minti biyu, ba tare da ka leƙa madubi ba. Idan ka gama, duba inda ka sa idanuwan. Kusan tabbas ka kai su can sama kusa da gashi, ka cinye goshin, ka bar hanci da baki sun mamaye takardar. Haka nawa ya fito a karon farko, haka kuma na yawancin masu fara koyo yake fitowa. Laifin ba na hannu ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ta riga ta yanke hukuncin cewa ido da baki su ne fuska, goshi da ƙoƙon kai kuwa ba su da wani amfani, sai hannu ya bi umarninta.

Irin wannan cuta ce ke kama mai rubuta waƙa a kan kansa. Yana zama sai ya rubuta abin da ya saba faɗa game da kansa, ko abin da yake so a faɗa, ya bar abin da ke gabansa. Shi ya sa nake haɗa ayyukan nan biyu a zama guda. Zanen yana tilasta maka ka duba da gaske, waƙar kuma ta ci moriyar wannan duban. Ba sai ka iya zane ba, ba kuma sai ka taɓa tsara baiti ba.

Kayan aiki

Madubi mai girman da zai nuna kanka da wuyanka da kafaɗunka. Takarda fara marar layi, guda uku ko huɗu, da katako ko kwali mai ƙarfi da za ka ɗora ta a kai. Fensir biyu sun isa: HB domin shata layukan farko, da 4B ko 6B domin inuwa. Harafin B a jikin fensir yana nufin laushi da baƙi, H kuma tauri da haske, lambar da ke gaba tana nuna yawan hakan. Sai kilina mai laushi, abin fiƙe fensir, da wata takarda daban ko ɗan littafi na rubuta kalmomi. Wannan ta ƙarshen kada ka raina ta, ita ce gadar da za ta kai ka ga waƙar.

Wasu za su ce ai hoton waya ya fi sauƙi. Ya fi sauƙi, amma yana da ha'inci. Hoton da ka ɗauka da hannunka a miƙe ana ɗaukarsa ne daga kusa ƙwarai, saboda haka hanci yakan kumbura, kunnuwa su ja baya su ƙanƙance. Ga kuma wayoyin da ke gyara fata da kansu, su share duk layin da kake bukata. Idan dole sai da hoto, sa wani ya ɗauke ka daga tazarar taku uku ko huɗu. Ni dai madubi na fi so, domin fuskar da ke cikinsa tana numfashi, tana gajiya, tana ɓata rai, kuma duk wannan yana shiga aikin.

Abu ɗaya za ka riƙe game da madubi: yana juya dama ta koma hagu. Shahararren mai zane Vincent van Gogh ya ji wa kunnensa na hagu rauni a watan Disamba na 1888, amma a zanen da ya yi wa kansa da bandeji a farkon 1889, kunnen dama ne ya bayyana a ɗaure, saboda madubi yake kallo. Don haka idan 'yan'uwanka suka ce zanen ya yi kama da kai amma akwai abin da ya bambanta, wataƙila wannan juyin ne suke gani. Su fuskarka ta zahiri suka sani, kai kuwa ta madubi ka sani.

Zama da haske

Nan ne mutane ke yin gaggawa, nan ne kuma rabin aikin yake. Zauna inda haske zai zo maka daga gefe ɗaya kawai, taga ko fitila, ɗan sama da kanka kaɗan. Kashe sauran fitilun. Hasken da ya bugi fuska daga gaba yakan shafe ta ta zama kamar faifai, wanda ya zo daga gefe kuwa shi ke fito da tudun hanci, da ramin ido, da ƙashin kunci. Idan da hannun dama kake rubutu, hasken ya zo daga hagu, don kada inuwar hannunka ta faɗa kan takardar.

Ajiye madubin daidai tsayin idonka. Karkata katakon zanen ya ɗan miƙe, kada ka shimfiɗa shi a kan tebur, domin takardar da ke kwance tana yaudarar ido, sai ka ɗaga ta ka tarar fuskar ta yi tsawo. Tsara zamanka yadda idanuwanka kaɗai za su riƙa kai da komowa tsakanin madubi da takarda, kai ya tsaya wuri guda. Wata dabara: manna ɗan guntun tef a jikin madubin daidai inda ƙarshen hancinka yake, wani kuma daidai haɓa. Duk lokacin da ka motsa, sai ka dawo da fuskarka kan alamun.

Minti biyar na kallo, da kalmomi ashirin

Kada ka taɓa fensirin zane tukuna. Kalli fuskarka minti biyar cur. Zai yi maka tsawo fiye da yadda kake zato, za ka ji kunya, wataƙila ka yi dariya. Bari ta wuce. Sannan ka ɗauki takardar kalmomin ka rubuta abubuwa ashirin da idonka ya gani. Sharaɗin shi ne kowanne ya zama abin da za ka iya nunawa da yatsa. “Kyakkyawa” ko “mummuna” ko “mai haƙuri” ba su shiga. Abin da ke shiga shi ne irin su: girar hagu ta fi ta dama tsayi, akwai tabo a ƙasan leɓe, furfura uku a gefen kunne, fatar ƙasan ido ta fi sauran duhu, hancin ya ɗan karkata. Goma na farko za su zo da sauƙi. Daga na goma sha biyar ne za ka fara ganin abin da ba ka taɓa lura da shi ba, kuma galibi daga cikinsu waƙar ke fitowa.

Sassauta hannu

Yi zane biyu na banza kafin na gaske. A na farko, kafa idonka a madubi, ɗora fensir a takarda, ka bi gefen fuskarka da ido a hankali kamar tururuwa na tafiya a kai, hannunka na bin idon, ba tare da ka dubi takardar ko sau ɗaya ba, ba kuma tare da ka ɗaga fensirin ba. Abin da zai fito abin dariya ne, ido ɗaya a kunci, baki a wuya. Amma ka lura da layukan, za ka ga sun fi na zanen minti biyun da ka fara yi rai. A na biyu, ka zana inuwar kawai cikin minti uku, ba ido ba hanci, duhun da ka gani kaɗai.

Shata awon kai

Yanzu sabuwar takarda, da fensirin HB, hannu sakwa-sakwa yadda layin da ƙyar za a gan shi. Zana siffar ƙwai mai faɗi a sama, mai tsini a ƙasa, ya cika kamar kashi biyu cikin uku na takardar. Ja layi daga sama zuwa ƙasa ta tsakiya. Sai ka ja wani a kwance daidai rabin tsayin ƙwan. A kan wannan layin idanuwa suke. E, a rabi. Idan ba ka yarda ba, miƙe hannunka da fensir a tsaye, rufe ido ɗaya, auna daga idonka zuwa haɓa a madubi ka riƙe da babban yatsa, sannan ka ɗaga awon daga ido zuwa tsakar kai. Za ka ga kusan ɗaya ne.

Sauran awon da masu zane ke farawa da shi ga shi. Faɗin fuska a daidai idanuwa ya kai kamar ido biyar a jere, kuma tsakanin ido da ido akwai wurin ido guda. Ƙasan hanci yana kusan rabin tazarar da ke tsakanin gira da haɓa. Layin da ya raba leɓɓa yana kamar kashi ɗaya cikin uku na tazarar hanci zuwa haɓa. Kunnuwa suna farawa daidai gira su ƙare daidai ƙasan hanci, idan kai a miƙe yake. Kusurwoyin baki sukan faɗo kusan ƙarƙashin tsakiyar idanuwa.

Wannan awo na kowa ne, saboda haka ba na kowa ba ne. Amfaninsa shi ne ya zama ma'aunin da za ka gane inda taka fuskar ta saɓa. Inda ta saɓa ɗin nan, nan kamanninka suke. Idan tsakanin idanuwanka ya fi ido guda faɗi, ko haɓarka ta fi awon tsawo, bi madubi ka bar awon. Ka riƙa aunawa da fensir kana kwatanta abu da abu: faɗin hanci da faɗin ido, tsayin goshi da tsayin hanci. Kada ka shiga ƙawata ido ɗaya alhali ba ka san inda baki zai zauna ba. Na sha ɓata awa guda a kan ido mai kyau, daga baya in gano yana wurin da bai dace ba, ga shi kuma na ƙi goge shi saboda tausayin wahalata. Zanen duka ya lalace saboda ido guda.

Ido, hanci, baki

Ido ƙwallo ne da fata ta lulluɓe, ba siffar kifi da aka manna a fuska ba. Fatar sama tana rufe saman baƙin idon, tana kuma jefa 'yar inuwa a kansa. Idan ka zana baƙin idon a zagaye cikakke, fuskar za ta fito a firgice. Farin ido ma ba fari fat ba ne, yana da duhu a kusurwoyi. Bar ɗigon haske guda a cikin baƙin, a ɓangaren da hasken ke zuwa, kuma a wuri ɗaya a duka idanuwan. Gashin ido kada ka ƙirga shi ɗaya-ɗaya, kauri kaɗan a layin sama ya wadatar.

Hanci ba shi da layi a gefensa. Inuwa ce ke gina shi: duhu a ɓangaren da ba haske, duhu a ƙarƙashi, sai ƙofofin da fukafukansu. A baki kuwa, layin da ya fi kowanne duhu shi ne na tsakanin leɓɓa, kuma shi ke ɗauke da yanayin mutum. Leɓen sama ya fi na ƙasa duhu idan haske daga sama yake, akwai kuma inuwa a ƙarƙashin na ƙasa. Haƙora ka bar su zuwa wani karon. Ba wanda zai iya riƙe murmushi awa guda, shi ya sa masu zana kansu da yawa suke fitowa kamar an yi musu laifi. Kallon mai aiki ne kawai.

Wuya ya fi yadda kake zato kauri, kafaɗu kuma sun fi faɗi. Gashi, ko hula, ko ɗankwali, ka ɗauke shi a matsayin dunƙule guda mai haske da duhu, ba zare-zare ba.

Inuwa

Ɗauki 4B. Runtse idanuwanka har fuskar da ke madubi ta dushe, ta rabu gida uku: wuri mai haske, wuri mai duhu, da tsaka-tsaki. Fara shafa tsaka-tsakin da gefen bakin fensir, sannan ka ƙara duhu a hankali, shafi kan shafi. Ƙara duhu abu ne mai sauƙi, rage shi ne wahala. Sa 'yar takarda a ƙarƙashin hannunka don kada ka dame aikin.

Ga mai baƙar fata akwai kuskuren da ya kamata ya kiyaye, wato ya shafe fuskar duka da duhu iri ɗaya don a san baƙi ne. Fata mai duhu tana da ƙyalli sosai a goshi, da kan hanci, da tudun kunci, da leɓen ƙasa, kuma wannan ƙyallin ne ke ba ta siffa. Hanya mai kyau ita ce ka shafe fuskar da duhu matsakaici, sannan ka ɗebo hasken da bakin kilina kamar kana zane da farin fensir. Ko ka yi amfani da takarda mai ruwan ƙasa, gawayi ya yi duhun, farin alli ya yi hasken. Duhunta bayan kai a ɓangaren da fuskar ke da haske, za ka ga ta taso daga takardar.

Bayan kowane minti ashirin ka tashi, ka jingine zanen, ka ja baya ka kalle shi daga nesa. Nuna shi ga madubin ma, juyin zai tona duk karkatar da idonka ya saba da ita. Idan ka ji ka fara gyara abin da ba ka san matsalarsa ba, ajiye fensir.

Wanda ba ya son zana fuska, saboda kowane dalili nasa, yana iya zana hannunsa, ko inuwarsa a bango, ko tabaransa da makullansa da takalminsa da ya tsufa. Matakan duka ɗaya ne, waƙar ma za ta samu.

Daga zane zuwa baiti

Jingine zanen a gabanka, juya madubin ya kalli bango, ɗauko kalmominka ashirin. Zaɓi uku ko huɗu da suka fi taɓa ka, ba waɗanda suka fi daɗin ji ba. A gaban kowanne ka amsa tambaya ɗaya: daga ina wannan ya zo, ko wa na gada, ko me ya gani? Rubuta amsar da zube, yadda za ka gaya wa aboki. Tabon nan na ranar da ka faɗo daga wani wuri ne. Hancin nan na kakarka ne. Layin goshin nan bai kai shekara biyar ba. Wannan zuben shi ne ɗanyen kayan.

Haɗari biyu ke jiran mai waƙar kansa. Na farko ya koma yi wa kansa kirari, na biyu ya koma kukan duniya ta juya masa baya. Dukansu suna da wurinsu, amma a nan rufe fuska suke yi. Duba wannan:

Ni mutum ne mai haƙuri da juriya,
Wahalar duniya ba ta karya ni ba.

Ba ƙarya a ciki, amma mutum dubu za su iya sa hannu a ƙasansa. Kwatanta da wanda ya fito daga takardar kalmomi:

Layi biyu sun kwanta saman girata,
Ban san ranar da suka zo baƙunci ba.

Idon hagu ya fi na dama ƙanƙanta,
Shi ne wanda bai iya ɓoye kuka ba.

Leɓen ƙasa na da tabon yarinta,
Inna ta ce zai goge, bai goge ba.

Haƙurin da wahalar suna nan, amma ba a ambace su ba, mai karatu ne ya tsinto su da kansa.

Ga mai farawa, ƙwar biyu ta fi sauƙin riƙo: ɗango biyu, wato layi biyu, a kowane baiti, ɗango na biyu ya riƙa ƙarewa da sauti guda daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta. Wannan shi ne babban amsa-amo. A misalin sama “ba” ce, “ta” ɗin da ke ƙarshen ɗangon farko kuwa ƙari ce. Zaɓi amsa-amon da ke da kalmomi da yawa, irin su “na”, “wa”, “ya” ko “ba”, kuma ka jera kalmomi goma masu wannan ƙarshen kafin ka fara, don kada ka maƙale a baiti na uku. Idan hannunka ya faɗa, gwada ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, inda ɗangwayen farko ke da nasu ƙaramin amsa-amon da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na ƙarshe kuma ya riƙe babban. Amma kada ka bar amsa-amo ya ja ka ka faɗi abin da ba haka yake ba. Idan kalmar ta dace da sauti ta saɓa wa madubi, sake ginin ɗangon.

Kari kuwa, wato awon sautin da ɗango ke tafiya a kai, kunne ke kama shi. Gaɓoɓin Hausa akwai masu nauyi akwai marasa nauyi, kuma jerin su ne ke sa ɗango ya tafi sumul ko ya yi tuntuɓe. Samo wata murya da za ka rera ɗangon farko da ita, sannan ka rera sauran a kanta. Duk inda ka ji kana haɗiye gaɓa ko kana jan wasali fiye da kima don ya shiga, nan ne gyara yake. Wanda ya ga wannan ya yi masa nauyi yana iya sakin amsa-amo da kari gaba ɗaya ya rubuta gajerun layuka, muddin kowane layi na ɗauke da abin da ido zai gani.

Ka kuma yanke shawarar wa ke magana. “Ni” ce hanya mafi kusa, amma gwada ka kira fuskar da ke takardar da “kai” ko “ke” kamar baƙon da kuka haɗu, za ka yi mamakin abin da za ka iya gaya masa. Ko ka ba madubin baki ya faɗi abin da ya gani, ko tabon ya ba da labarinsa. Kamantawa guda mai ƙarfi ta fi biyar, kuma ka guji waɗanda aka gaji da ji, irin ido kamar madara ko fuska kamar wata. Baiti biyar zuwa bakwai sun isa. Bar waƙar ta kwana, washegari ka karanta ta da ƙarfi, ka cire duk ɗangon da zai iya zama na wani. Sau da yawa baitin ƙarshe ne ke tafiya, domin a nan ne marubuci ke son yin wa'azi.

Haɗa su a takarda guda

Hanya mafi sauƙi ita ce waƙar a ƙasa ko a gefe, da rubutun hannunka, bayan ka ja layuka marasa nauyi da za ka goge. Idan fuskar ta ɗan juya, sa rubutun a ɓangaren da take kallo. Akwai kuma masu sa kalmomin su bi gefen kafaɗa, ko su cika bayan kai, ko ma ƙananan haruffa su zama su ne inuwar, a cunkushe inda duhu yake, a warwatse inda haske yake. Wannan yana da kyau amma yana cin lokaci, kuma a gwada shi a kan kwafi tukuna, ba a kan ainihin zanen ba. Gawayi da fensir mai laushi suna gogewa, don haka ka rufe aikin da takarda mai santsi kafin ka adana shi, ka kuma ɗauki hotonsa a hasken rana.

Rubuta kwanan wata a baya. Manyan masu zane sun sha zana kansu. Albrecht Dürer yana ɗan shekara 13 ya zana kansa a 1484, zanen yana nan har yau. Rembrandt ya yi ta zana fuskarsa kusan shekara 40, har zuwa 1669 da ya rasu, ana ganin saurayi mai taƙama yana komawa tsoho mai kumburarren hanci, bai ɓoye ko ɗaya ba. Frida Kahlo ta kama zane gadan-gadan ne tana kwance bayan haɗarin motar da ya same ta a 1925, da madubi a saman gadonta. Kai ma ka sa wa kanka rana, bayan wata uku ko shida, ka koma kujerar nan da hasken nan. Kada ka duba tsohon zanen ko tsohuwar takardar kalmomin kafin ka zauna. Sai ka gama sabon, sannan ka fito da su ka jera.